Kakar Bolin da Ban Ƙarasa Ba

Dukanku kun tashi kun tarar da wani labari yana yawo a gidan nan da wajensa. Ana cewa ubanku ya taɓa zama ɗan wasa a ƙasar Larabawa, yana daf da yin suna sai matarsa ta tayar da hankali, ta dawo da shi Toranke ya riƙe fartanya. Na ji an faɗa a wurin suna, na ji an faɗa a kasuwar Ajingi, har na taɓa jin ɗayanku ya maimaita da wasa a gaban mahaifiyarku, ta yi murmushi ta ci gaba da tsince shinkafarta. Ba haka aka yi ba. Tun da idona bai gama tafiya ba, bari in zauna in rubuta muku yadda shekarar nan ta kasance.

Na bar amaryata a gida na tafi Jidda da lasin tuƙin da na samu a Kano, da taimakon wani ɗan'uwan mahaifinmu da ya daɗe a can. Kamfanin da ya ɗauke ni na masu saka na'urar sanyaya ɗaki ne. Aikina in kwashi ma'aikata da kayansu in kai su wurin aiki, in jira su gama. Yawancinsu mutanen Filifin ne, babbansu kuma sunansa Danilo, gajere mai faɗin kafaɗa, mai yawan dariya. Shi ya koya mini ɗan Turancin da nake ji, ni kuma na koya masa gaisuwa da Hausa. Wata ranar hutu bayan la'asar ya ja ni zuwa gidan bolin, wai in daina zama a ɗaki ina kallon bango.

Ga wanda bai taɓa gani ba, doguwar hanya ce ta katako, sumul, an shafe ta da mai, da kwata a kowane gefe. A can ƙarshenta an jera itatuwa goma farare masu siffar kwalba, mu Hausawan wurin kwalabe muke ce musu. Ƙwallon mai nauyi ne ƙwarai, da ramuka uku inda mutum zai zura yatsu. Ka taho da 'yar sassarfa, ka sunkuya, ka sake shi ya gangara. Idan ka kwashe goman da jifa ɗaya, ka yi shara ke nan, ita kowa yake nema. Idan wasu sun rage a tsaye, a ba ka jifa na biyu. Wanda bai sani ba zai ɗauka ƙarfi ne, alhali yawancinsa natsuwa ce da sanin inda mai ya kwanta a kan katakon.

Jifana na farko da hannun dama kwata ya nufa kai tsaye, na biyu ma haka. Sai na sauya zuwa hagu ba tare da na yi tunani ba. Ni bahago aka haife ni. Innarmu ta sha buga mini muciya a bayan hannu har na koyi ci da rubutu da dama, amma jifan tsuntsaye a gonar gero da hagu na yi shi duk ƙuruciyata. Ƙwallon ya bi gefen hanya kamar zai faɗa kwata, sai ya lanƙwaso ya shiga tsakiyar kwalaben. Danilo ya daɗe yana kallona. Daga baya ya bayyana mini cewa yawancin 'yan wasa da dama suke jifa, suna kwashe man gefensu har hanyar ta lalace musu, gefen hagu kuwa yana nan lafiya ba wanda ya taka shi. Daga ranar duk hutun da na samu a gidan nan nake yin sa. Shekaru suka tafi ina cin ƙananan gasa na ma'aikata, har labari ya kai kunnen mai kamfaninmu. Ya zo ya zauna ya kalle ni sau biyu, sannan ya kira ni ofis ya ce kamfani zai ɗauki nauyina in shiga kakar ƙwararru, wato jerin gasa da ake yi gari-gari a ƙasashen bakin teku, ana tara maki, waɗanda suka fi kowa su haɗu a wasan ƙarshe. Ya ce in ajiye makullin mota, in je gida in yi sallama da iyalina in dawo.

Na iso Toranke a ƙarshen damina, gero ya yi kai, gyaɗa ta rufe ƙasa. A lokacin mahaifinmu ya daɗe da rasuwa. Gidan yana hannun Yaya Idi, ga Inna a ɗakinta na kusa da rumbu, ga mahaifiyarku Hansatu da tsohon cikin da na bari a hutuna na baya, ke kuma Ummi kina 'yar ƙarama kina ɓuya a bayan zanenta idan na matso. Da na faɗi abin da ya kawo ni, ba wanda ya gane wasan da nake nufi. Na yi ta kwatance da hannu har Hansatu ta tashi ta fita. Sai ga ta da kwalaben lemo goma da ta aro a maƙwabta, da ƙatuwar kabewa da aka ajiye don miyar gobe. Ta jera kwalaben a gindin katanga yadda na nuna mata, ta ja da baya ta riƙe ƙugu. Na gangara kabewar a kan daɓe, ta yi ta tangaɗi, ta kayar da shida ta tsage biyu.

Inna ta yi dariya har ta share hawaye da gefen mayafinta.

"To wa yake tayar da su idan sun faɗi?" ta tambaya.

"Inji ne, Inna."

"Kai ka kayar, inji ya tayar, kuma a ce aiki aka yi."

Yaya Idi bai yi dariya ba. Ya ce shi abin da yake tsoro kada ya zama caca ce aka sauya wa suna, kuma mutum ya bar tuƙin da yake ciyar da gida ya koma wasan yara. Na ce masa ba wanda yake zuba kuɗi a kan sa'a, gwaninta ake gwadawa kamar kokawa, kuma albashina yana nan. Duk da haka bai gamsu ba. Inna ce ta yanke maganar. Ita jikar makiyaya ce, ba ta da dogon zance.

"Ana hana ka salla a wurin?"

"Ba a hanawa."

"Ana zagin iyayen mutum?"

"A'a, Inna."

"To je ka, Auta." Ta kama hannuna na hagu ta juya shi tana dubawa. "Ashe saura kaɗan in karya maka abincinka da muciya."

A makonnin da na yi a gida na lura ta tambaye ni ranar tafiyata fiye da sau ɗaya a yini guda, kuma wata rana ta zuba wa miya gishiri sau biyu. Na ɗauka tsufa ne kawai, kowa ma haka ya ɗauka. Ranar da zan tafi, da safe, na sami Hansatu tana shanya a bayan ɗaki. Na ce mata idan tana ganin nauyin gidan ya yi mata yawa, zan iya roƙon a ɗaga mini zuwa baɗi. Ba ta ko juyo ba.

"Malam, shekara nawa kana jiran wannan? Ka tafi ka yi abin da Allah ya ba ka. In ka dawo ka biya ni kabewata."

Ku riƙe wannan, don ita ce maganarta ta farko a kan al'amarin.

Farkon kakar bai yi mini daɗi ba. Wasan ma'aikata daban, na ƙwararru daban. Mutane ne daga ƙasashe masu nisa, kowa da jakar ƙwallaye da sunansa a bayan riga, wasunsu tun suna yara ba su san wata sana'a ba. Kowane gari da irin yadda suke shafa mai, abin da ya yi maka aiki a Jidda ya kunyata ka a wani wuri. Ana wuni ana jifa har babban yatsana ya tsage, ina naɗe shi ina ci gaba. A gasa biyu na farko tun a zagayen farko aka sallame ni. Danilo, wanda kamfani ya haɗa ni da shi ya zama mai kula da ni, yakan zauna a bayana da ruwa da tawul, ba ya cewa komai sai na zauna, sannan ya ce in matsa taku ɗaya zuwa dama, ko in daina gaggawa. A hankali na fara jin katakon. A Dammam na kai zagaye na kusa da ƙarshe. A Kuwait na zo na uku, har wasu 'yan Kano masu aiki a can suka zo kallo da hulunansu, suna tafi a inda bai kamata ba, ana juyowa ana kallonsu. Sunana ya hau cikin waɗanda ake sa ran za su kai wasan ƙarshe. Ba zan ɓoye muku ba, ban taɓa jin daɗin wani abu da na iya ba kamar yadda na ji a watannin nan. Akwai wani shiru da yake sauka idan ƙwallo ya bar hannunka daidai, kafin ya isa ka riga ka san abin da zai faru.

A wancan zamanin babu waya a aljihun kowa. Kaset ake ɗauka a gida, kowa ya yi magana, a ba mai tafiya ya kawo. Ina Jidda tsakanin gasa biyu sai ga wani mai sayar da yadi na Gaya ya zo umara, ya kawo mini nawa. Na saka shi da rana bayan azahar. Yaya Idi ya fara, ya ce an cire gyaɗa ta yi kyau, dawa ce dai ba ta cika ba. Hansatu ta gaishe ni a taƙaice yadda ta saba, don ta san kowa zai ji. Ke Ummi kika yi wata waƙa da ba ta da kai. Sannan aka ce Inna ta matso. Ta gaishe ni, ta tambayi lafiyata, ta sa mini albarka. Sai ta sake tambayar lafiyata. Ta sake. Daga nan ta ce, "Auta, ka shayar da shanun kuwa? Kada ka bar jar saniyar nan a baya, ƙafarta ba ta warke ba." Shanunmu an sayar da su tun ina makarantar firamare. Na ji wani ya yi dariya a bayanta, na ji muryar Hansatu a hankali tana cewa, "Ya shayar da su, Inna."

Na koma wurin mai yadin a masaukinsa na tambaye shi abin da ya sani. Ya yi ta kewaye-kewaye, sannan ya ce ranar wata kasuwar Ajingi an nemi Inna an rasa, sai gab da magariba aka same ta a kan hanyar tsohuwar rugar iyayenta, wadda babu kowa a cikinta tun kafin a haife ni. Ta ce za ta kai wa babanta fura.

Kawun Hansatu yana da kanti a Kano mai tarho. Na kira shi, ya aika da saƙo ta hannun direban motar Ajingi, aka sa rana. Ranar Hansatu ta taho tun da safe da goyo, don a lokacin kai Kabiru kana jariri, an haife ka bayan tafiyata ban ko gan ka ba. Layin yana ta ƙara, muna ɗaga murya.

"Me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Na gaya maka ka yi me daga can? An kai ta asibiti a Gaya, an kawo ta Kano. Sun ce ba ciwon da ake warkewa ba ne, sai dai kulawa. Ina kula da ita."

"Tana gane mutane?"

"Wata rana ta gane kowa. Wata rana ta ce da Yaya baƙo."

"Ni fa?"

"Kullum sai ta ambace ka. Amma Malam, ka saurare ni. Saura kaɗan ka gama. Tana ci, tana barci, ƙafarta lafiya. Ka ƙarasa abin da ka fara, za ka same mu."

Wannan ita ce maganarta ta biyu. Ba ta ce in dawo ba, ba ta yi kuka ba, ba ta yi ƙorafin komai ba. Na ce mata to.

Da wannan a zuciyata na tafi Bahrain, kuma a can na yi wasan da ya fi kowanne a rayuwata. Ban san yadda aka yi ba. Kamar damuwar ta kwashe mini tsoron mutane, ban ga 'yan kallo ba, ban duba allon maki ba. Na wuce zagaye bayan zagaye har ya rage ni da wani dogon Bature da ya yi shekara da shekaru yana cin irin wannan gasa. Muka tafi kai da kai har jifan ƙarshe. Shi ya bar kwalba ɗaya a tsaye tana rawa ba ta faɗi ba. Ni na yi shara. Ya zo ya riƙe hannuna da hannu biyu ya faɗi wata magana da ban ji ba saboda hayaniya. Aka miƙo mini kofi, Danilo yana tsalle kamar yaro.

Ina tsaye da kofin nan sai na kama kaina ina shirya yadda zan ba Inna labari, inda zan fara, inda za ta katse ni da tambaya, inda za ta yi dariya. Sai na tuna saura gasa uku da wasan ƙarshe, watanni ke nan. Da mutuwa ake tsoro, da na ce rai a hannun Allah yake, mai lafiya ma yana iya riga ta. Wannan kuwa tana nan da ranta, amma kullum ana ɗebe wani abu daga cikinta, kuma ba wanda zai iya gaya mini ranar da za a zo kaina. Kafin mu isa masauki na gama yanke shawara.

Danilo ya yi ta fama da ni a jirgi har muka sauka. Ya ce irin wannan dama ba ta zuwa sau biyu, ya ce shekaruna sun fara ja, ya ce matata da kanta ta ce in tsaya. Da ya ga ban motsa ba sai ya ce shi shekararsa tara rabonsa da tsibirinsu, kuma a hoto ya ga kabarin mahaifiyarsa. Shi ya taya ni ɗaure kaya. Mai kamfani kuwa bai yi faɗa ba. Ya ce ya fahimta, amma ya kashe abin da ya kashe don a ga sunan kamfaninsa a wasan ƙarshe, idan na tafi zai ba wani gurbina, kuma zamana a ƙasar a hannun kamfani yake. Na ce na sani. Muka yi musabaha.

Daga Kano na hau ƙaramar bas zuwa Ajingi, daga nan ɗan acaɓa ya ɗaure jakata a baya muka nufi Toranke. Ban aika cewa ina zuwa ba. Na yi sallama a zaure na shiga. Inna tana zaune a kan tabarma a inuwar rumbu, da ƙwarya a cinyarta tana ɓarar gyaɗa. Ta rame, an yi mata sabon kitso. Ta ɗago ta dube ni, ta daɗe tana dubawa, ni kuma na durƙusa a gabanta.

"Auta," ta ce. "Ba sa ba ka abinci a can ne?"

Na kifa kaina a gwiwarta. Ta ci gaba da ɓarar gyaɗarta a saman kaina, ɓawon yana zubo mini a wuya.

Hansatu ta fito daga madafa ta tsaya. Da muka keɓe, abin da ta fara ce mini shi ne, "Ban ce ka ƙarasa ba?" Na ce ta ce. Ta dube ni, ta kwance goyonta ta miƙo mini kai Kabiru, ta koma wurin tukunyarta.

Yaya Idi ne abin ya yi wa zafi, kuma ban ga laifinsa ba. Shi yake ɗauke da gida, abin da nake aikowa shi ne takin gona da maganin yara, ga shi na dawo da kofi da jakar ƙwallaye. Ya kasa yarda cewa mutum da hankalinsa zai bar irin wannan da kansa. Ya san Hansatu ta je Kano ta yi magana da ni, sai ya haɗa biyun. A bakin masallaci ya faɗa wa mutum ɗaya cewa matar ce ta kira shi, kafin mako ya zagayo magana ta kai Gaya. Na yi ta musantawa, amma an ɗauka ina rufa wa matata asiri ne. Na so in tara dangi in yi bayani, Hansatu ta hana.

"Ka bar Yaya," ta ce. "Uwarsa ce take ce masa baƙo. Dole ya sami wanda zai ji haushi. Gara ya ji haushina da ya ji naka, ni ba ciki ɗaya muka fito ba."

Abin da na rasa, na rasa shi. Na sami labari wanda na doke a Bahrain shi ya ci wasan ƙarshe. Na nemi komawa bayan wasu shekaru, hanya ba ta buɗe ba, kuma hannun da ba ya jifa yakan manta. Na koma gona, daga baya na sami motar haya ina jigila tsakanin Gaya da Kano, da ita aka yi karatunku. Akwai ranakun da nake tuƙi in ji yatsuna suna neman ramukan nan uku, in yi shiru har fasinja su tambaya ko lafiya. Ba zan ce muku bai yi ciwo ba.

Amma ga abin da na samu. Inna ta san ni duk ranin nan da daminar da ta biyo baya. Ba kullum ba, amma yawancin kwanaki. Na ba ta labarin Bahrain ya fi a ƙirga, kowane lokaci sabo ne a wurinta, kowane lokaci a wuri ɗaya take katse ni ta tambayi ko Baturen ya ji haushi. Da safe nakan riƙe hannunta mu zaga bayan gari, don idan ta yi tafiya ba ta neman fita ita kaɗai. Ba ta tuna abin da ta ci da safe, amma ta san sunan kowace saniya ta mahaifinta, da inda tafki yake kafin a noma wurin, da waƙar da yayarta take yi idan ana tatsa. Abubuwan da na gaya muku game da kakannina na wajen uwa, duk a wannan yawon na ji su. Da na jira ƙarshen kakar wasan, da ba ku san ko ɗaya ba.

Bayan an kai amfanin gona gida, wata rana da hantsi na dawo daga Ajingi na same ta a wurin zamanta. Na gaishe ta. Ta gyara mayafi, ta amsa da ladabi, ta kira Hansatu ta kawo wa baƙo ruwa.

"Daga ina, ɗan nan?"

Na ce daga Jidda.

Fuskarta ta washe. "Ina da ɗa a can. Autana. In ka koma ka gan shi, ka ce masa kada ya damu da ni, ana kula da ni sosai. Ya tsaya ya yi aikinsa."

Na ce zan gaya masa. Na sha ruwan, na yi godiya, na fita zaure na zauna. Yaya Idi ya same ni a can. Ya zauna kusa da ni har aka kira azahar. Tun daga ranar bai sake ɗaga maganar dawowata ba, kuma bayan rasuwar Inna ya je har ƙofar ɗakin mahaifiyarku ya nemi gafararta. Sai dai maganar da ya saki ta riga ta yi nisa, neman gafarar kuwa a cikin gida ya tsaya. Shi ya sa nake rubuta wannan.

Inna ta ƙara shekara biyu bayan haka. Ba ta sake kiran sunana ba, ko na Yaya. Mutum ɗaya ta riƙe, Hansatu, ita ma ba da sunanta ba. Inna take ce mata. Ita take yi mata wanka, ita take mata kitso, kuma ba ta karɓar abinci daga hannun kowa sai nata. Idan na kawo cokali kusa da bakinta sai ta kau da kai, ta rufe baki kamar yarinya. Na saba da hakan, nakan zauna a gefe in riƙe kwano kawai.

A makonta na ƙarshe ba ta iya tashi, kunu kaɗai take sha. Wata safiya Hansatu ta tallafo ta a ƙirjinta, ni ina riƙe da kwanon kamar kullum. Sai ta ce in ɗebo. Na ce ai ba za ta karɓa ba.

"Ɗebo dai, Malam."

Na ɗebo. Ta ɗora hannunta a kan nawa, ta rufe shi, muka kai ludayin tare. Inna ta dubi hannun da ta sani, ta buɗe baki ta sha. Muka sake, ta sha. A na uku ko na huɗu na ji Hansatu ta zare hannunta a hankali, tana yi wa Inna magana a kunne don kada ta lura. Ni kaɗai na ƙarasa ba ta kunun nan har ƙasan kwano.

Wannan ita ce matar da ake cewa ta tare mini hanya. Duk wanda ya sake faɗa a gabanku, ku gaya masa abin da ubanku ya ce.